Shaidar Ido Da Shaidar Waya A Ma'aunin Shari'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Masanin ɓoye da bayyane, wanda ba Ya bukatar shaidu kafin Ya san abin da bawa ya aikata. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu saurare, na cikin garin Buza da na ƙauyuka, da waɗanda muryar wannan rediyo ke isa gare su a ƙasar Madawa da ta Keita, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Karatunmu na tafsiri ya kawo mu cikin Suratu Yusuf, kuma a nan za mu tsaya yau domin mu amsa wata tambaya da aka daɗe ana kawo mana.

A shekarun baya, idan mutum biyu suka zo zaure da rigima, kowa da shaidunsa yake zuwa. Yanzu kuwa, kafin a gama gaisuwa ɗaya ya zaro salula daga aljihu ya ce: "Malam, saurari wannan ka ji da kunnenka." Ɗayan kuma ya ce: "Malam, ga mutum biyu can waje, a gaban idonsu aka yi." Haka abin yake har a manyan laifuffuka, irin su sata da fashi da kisan kai da sace mutane domin kuɗin fansa, a gaban jandarma da gaban alƙali. To, idan ido ya faɗi wani abu, waya kuma ta nuna wani, wanne za a ɗauka? A kan amsar wannan tambaya ake kulle magidanci a gidan kaso shekara da shekaru iyalinsa su tagayyara, ko kuma a saki azzalumi ya koma cikin jama'a yana dariya.

Riguna biyu a sura ɗaya

'Yan'uwan Annabi Yusuf, alaihis salam, su goma suka komo wurin mahaifinsu da dare suna kuka, bakinsu ɗaya a kan cewa kerkeci ya cinye shi. Ga mutum goma, ga hawaye, ga kuma riga da jini a jikinta. Da a yau ne, da mutane sun ce magana ta ƙare. Amma Annabi Yaƙuba bai karɓa ba. Imam Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan hijira, ya kawo a tafsirinsa cewa mahaifin ya duba rigar bai ga inda ta yage ba. Ta yaya dabba za ta cinye yaro ta bar rigarsa lafiya? Abin da suka shirya domin ya ƙarfafa maganarsu, shi ne ya tona asirinsu.

Riga ta biyu a Masar take. Matar Azizu ta ɗora masa laifi, shi kuma ya kare kansa, babu wani da ya ga abin da ya faru a bayan ƙofofin da aka kulle. Sai wani daga cikin danginta ya ba da shawara a dubi rigar, a ga ta ina ta yage, ta gaba ko ta baya. Aka same ta a yage ta baya, aka gane cewa gudu yake yi aka jawo shi.

Ku lura, jama'a. Riga ta farko an shafa mata jinin ƙarya, riga ta biyu ta faɗi gaskiya, kuma dukansu riguna ne. Abin da ya raba su shi ne duba na tsanaki. Haka waya take a zamaninmu. Akwai hoton da ke wanke wanda aka zalunta, akwai kuma hoton da aka shafa wa jinin ƙarya. Hawaye da yawan masu magana ma ba su isa hujja ba sai an auna su.

Matsayin shaidar ido da rauninta

Shari'a ta girmama shaidar ɗan Adam, ta kuma ƙayyade adadinta gwargwadon girman abin da ake magana a kai. A zina sai maza huɗu adalai, wanda kuma ya yi zargi bai kawo su ba, bulala tamanin ce a kansa, kamar yadda ya zo a aya ta 4 ta Suratun Nur. A kisa da sata sai maza biyu adalai. A dukiya ana karɓar namiji ɗaya da mata biyu, ko mai shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Dalilin wannan girmamawa shi ne mai shaida mutum ne da aka san sunansa da unguwarsa, ana iya zaunar da shi a yi masa tambaya a juya ta, kuma yana tsoron tsayuwa a gaban Ubangijinsa. Waya ba ta rantsuwa, ba ta kuma jin tsoron wuta.

Duk da haka malamanmu ba su taɓa cewa duk wanda ya ce "na gani" a karɓa masa ba. Wanda ya karanta babin hukunce-hukunce da shaidu a Risala ta Ibn Abi Zaid, ko a Mukhtasar na Shaihu Khalil, ya san cewa ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, ko ta uba ga ɗansa, ko ta wanda zai jawo wa kansa amfani ko ya ture wa kansa cuta da shaidar. Ba a karɓar ta rafkananne, mai yawan mantuwa da ruɗewa, ko da kuwa salihi ne ba ya barin sahun farko. Alƙali yana neman wanda ya san mai shaida ya tsarkake shi, wannan ita ce tazkiyya. Sa'an nan kafin ya yanke hukunci ya juya ga wanda aka yi shaida a kansa ya tambaye shi ko yana da abin da zai soki shaidun da shi, wannan shi ne i'izari.

Shaidar zur kowa ya san girmanta. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana lissafa mafi girman zunubai yana kishingiɗe, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya tsaya saboda tausayinsa. Amma akwai wata illa da mutane ba su cika lura da ita ba, ita ce kuskuren mai gaskiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, su ne kuma suka ce kama da wane ba ta wane. Mutumin da 'yan fashi suka tare cikin duhu, ga hazo, ga rawani a fuska, ga bindiga a gabansa, idonsa a kan bakin bindigar yake. Bayan kwana biyu a nuna masa wani saurayi mai tsawo irin na wancan, zuciyarsa ta cika masa abin da idonsa bai gani ba, ya rantse da Allah yana ganin gaskiya yake faɗi.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun gane wannan tun da daɗewa. Sun karɓi shaidar yara a tsakaninsu a kan rauni, amma da sharaɗin a ji ta kafin su watse, kafin wani babba ya shiga cikinsu, domin da zarar sun watse za a cusa musu magana. A yau waya ce ke shiga tsakanin manya da abin da suka gani. Kafin jandarma su iso, hoton wanda ake zargi ya zagaya gari a WhatsApp, mai shaida ya kalle shi sau goma, har ya kasa rarrabe fuskar da ya gani a daji da fuskar da ya gani a waya.

A ƙasar Amurka wata ƙungiyar lauyoyi mai suna Innocence Project ta ƙirga mutum 375 da gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke daga 1989 zuwa 2020, bayan an riga an yanke musu hukunci, wasunsu ma hukuncin kisa. Kusan kashi 69 cikin ɗari na waɗannan shari'o'i akwai mai shaidar da ya nuna mutumin da ba shi ba ne.

Alama da matsayinta

Abin da ba shaidar baki ba ne, ba kuma iƙirarin mai laifi ba, amma yana nuni zuwa ga gaskiya, malamai suna kiransa ƙarina, wato alama. Aiki da ita tsohon abu ne. Ranar Badar samari biyu kowanne ya ce shi ya kashe Abu Jahil, sai Manzon Allah ya tambaye su ko sun goge takubbansu, suka ce a'a, ya duba takubban. Alƙalin Madina, Ibn Farhun, wanda ya rasu a shekara ta 799, ya keɓe babi a littafinsa Tabsiratul Hukkam domin hukunci da alamomi. Mu ma a nan Adar mun gaji bin sau. Idan aka kore wa mutum shanu, masu bin sau su bi har su kai ƙofar wani gida. To, amma kowane dattijo ya san sau yana kai ka ƙofa ne kawai. Ba ya gaya maka wane ne a cikin gidan ya koro dabbar, ba ya kuma gaya maka ko ɓarawon ya biyo ta nan ne da gangan domin ya jefa maƙwabci cikin bala'i.

Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751, ya kawo labarin wani mahauci a zamanin Sayyidina Aliyu, Allah Ya yarda da shi. Ya yanka saniya, fitsari ya matsa shi, ya shiga wani kango da wuƙa mai jini a hannunsa, sai ya tarar da mutum kwance cikin jini. Masu tsaro suka same shi tsaye a kan gawar. Ya ga babu mai gaskata shi, sai ya amsa laifin da bai yi ba. Ana shirin kashe shi wanda ya yi kisan ya fito ya bayyana kansa. A nan ido ya gani, alama ta nuna, baki ya amsa, kuma duka uku sun kauce wa gaskiya.

Abin da waya ke kawowa gaban alƙali, a fahimtarmu, cikin wannan babi na alama yake shiga: hoto da bidiyo, muryar da aka naɗa, rubutaccen saƙo, takardar aika kuɗi, da lissafin da kamfanin waya ke ajiyewa na wanda layi ya kira, da lokacin kiran, da dogon ƙarfen da layin ya kama. Waɗannan suna da wani ƙarfi da ɗan Adam ba shi da shi. Ba sa mantuwa, ba sa jin kunyar suruki, ba sa tsoron mai kuɗi. Amma suna da rauni irin nasu. Ana yanke magana a bar rabinta. Mutum ya ce "ƙarya ake yi mini cewa na ɗauki kuɗin", a datse farkon, a bar "na ɗauki kuɗin". Ana ɗauko bidiyon wata ƙasa na shekarun baya a ce jiya aka yi shi a garin kaza. Ana buɗe shafi da sunan wani da hotonsa. Ana rajistar layi da katin ɗan ƙasa na yaya ko na maƙwabci, waya ɗaya kuma a gida mutum biyar ke kira da ita. Yanzu ma an kai inda na'ura ke kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba.

Malamanmu sun tattauna makamancin wannan. Sun karɓi shaida a kan rubutun hannu a sha'anin dukiya, tare da tsanantawa, domin rubutu yana kama da rubutu. Sun karɓi shaidar makaho a kan abin da ya ji, idan ya tabbatar da muryar babu kokwanto. A duka biyun sun nemi mutum adali da zai tsaya ya ce na san wannan rubutu, na san wannan murya. Takarda ba ta shiga gaban alƙali ita kaɗai, haka ma waya.

Na'ura kanta tana kuskure ko da babu wanda ya yi niyyar zamba. A Ingila, daga 1999 zuwa 2015, an gurfanar da mutum fiye da 900 masu riƙe da ƙananan gidajen aika wasiƙa da kuɗi, saboda kwamfuta ta nuna kuɗi sun ɓace a hannunsu. Suna rantsuwa ba su ɗauka ba, ana ce musu na'ura ba ta ƙarya. An kulle wasu, wasu sun tsiyace. Daga baya ta bayyana cewa lissafin na'urar ne ke da illa, har majalisar ƙasar ta yi doka a 2024 ta soke hukunce-hukuncen. A ƙasar Denmak kuma, a 2019, an gano kuskure a bayanan da ke nuna inda waya take, aka koma duba shari'o'i fiye da 10,000, aka saki mutum 32 da ke tsare.

Tazkiyyar waya

Tun da ana yi wa mutum tazkiyya, waya ma sai an yi mata. Tambayoyi biyar ne ya kamata a yi wa duk abin da aka fito da shi daga cikinta.

Ta farko, wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Idan babu mai tsayawa ya ce ni na ɗauka, to labari ne marar asali, kuma Allah Ya umarce mu a aya ta 6 ta Suratul Hujurat da mu yi bincike a kan labarin da ba a amince da mai kawo shi ba, domin kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ta biyu, cikakke ne ko an datse shi? Ta uku, ta hannun wa da wa ya biyo kafin ya iso, kuma ina wayar da aka fara ɗauka da ita? Malaman hadisi ba su karɓi magana ba sai sun san wa ya ji daga wa. Ta huɗu, mene ne ainihin abin da yake tabbatarwa? Lissafin kamfani yana nuna inda waya take, bai nuna hannun da ke riƙe da ita ba. Takardar aika kuɗi tana nuna an aika jika ɗari, ba ta faɗi ko bashi ne, ko kyauta, ko kuɗin fansa ba. Ta biyar, an nuna wa wanda ake tuhuma an ji ta bakinsa? Lokacin da aka kama wasiƙar da Haɗibu ɗan Abi Balta'a ya aika wa mutanen Makka kafin a buɗe ta, wasiƙar tasa ce babu musu, amma Manzon Allah bai hukunta shi ba sai da ya kira shi ya tambaye shi abin da ya sa ya yi haka, ya kuma karɓi uzurinsa.

Inda alƙali bai san aikin na'ura ba, ya nemi masanin da ya san ta, amintacce, kamar yadda alƙalan da suke neman likita a kan rauni, da magini a kan tsagewar bango.

Idan suka saɓa

Mu buga misali. A ce an kore shanu a wani ƙauye na ƙasar Buza da dare. Mutum biyu suka ce sun ga wane yana kora su. Shi kuma ya ce a Madawa ya kwana, lissafin kamfani ya nuna layinsa ya yi kira daga can a wannan dare.

Alƙali mai tsoron Allah zai raba shaidun nan biyu, ya tambayi kowanne shi kaɗai. Akwai farin wata a daren? Daga wace tazara kuka gan shi? Fuskarsa kuka gani ko tafiyarsa? Kun san shi tun da, ko bayan an yaɗa hotonsa kuka gane shi? Akwai rigimar gona ko ta aure a tsakaninku? Sa'an nan ya juya ga waya. Da ƙarfe nawa aka yi kiran, da magariba ko da tsakar dare? Domin tsakanin Madawa da Buza tafiya ce da mai babur ke yi cikin dare ɗaya ya je ya komo. Wa aka kira, kuma shi wanda aka kira ya tabbatar muryar wane ya ji? A gidan wa ya kwana a Madawa, kuma mai gidan zai zo ya faɗa?

Idan wanda aka kira da mai masauki suka tabbatar, shaidun kuma suka ce cikin duhu suka hango shi daga nesa, waya ta rinjaya, domin mutane sun tsaya a bayanta. Idan kuwa ta bayyana ƙanensa ne ke riƙe da wayar, aka kuma sami ɗaya daga cikin shanun a turkensa, ido ya rinjaya, domin alama ta ƙarfafa shi. Idan aka auna aka auna babu wanda ya rinjayi wani, shubuha ta shigo, kuma ƙa'idar malamai ita ce ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuskuren shugaba wajen yafewa ya fi sauƙi a kan kuskurensa wajen uƙuba. A kan wannan ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a shekara ta 1422, daidai da 2002, ta halatta dogaro da gwajin ƙwayoyin halitta wajen binciken laifi da tabbatar da laifuffukan da babu haddi ko ƙisasi a cikinsu. Gwargwadon nauyin hukunci, gwargwadon ƙarfin hujjar da ake nema.

Abin da ya faru kusa da mu

A ƙasarmu Nijar manyan laifuffuka a hannun alƙalan gwamnati suke. Sarakuna da malamai sulhu suke yi a abin da ya shafi aure da gado da gonaki. Akwai kuma doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ta tanadi hukunci a kan laifuffukan da ake yi ta waya da intanet, kamar ɓata suna da zagi da yaɗa abin da ke tada hankalin jama'a. A 2022 an cire ɗauri a kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka mayar da shi. Saboda haka wanda yake tura duk abin da ya shigo wayarsa, ya sani yana iya jawo wa kansa tuhuma tun a duniya.

A watan Yuni na 2020 an tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yamai bisa ƙarar ɓata suna a Facebook. Kamar yadda kafofin labarai suka bayyana, kalamin da aka yi ƙara a kansa wani ne daban ya rubuta shi a ƙarƙashin rubutunta. A ƙarshen watan Yuli kotu ta sallame ta. Rubutu yana nan kowa na gani, amma tambayar wa ya rubuta shi tana nan ita ma.

Da yawanku kun ji labarin Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021, Allah Ya sa mai ceton iyayenta ce. Ta waya aka nemi kuɗin fansa. A watan Janairu na 2022 aka kama mai makarantar da take karatu, Abdulmalik Tanko, aka tono gawarta, bidiyon da yake amsa laifi ya shiga kowace waya har nan ƙasarmu. Da aka je gaban alƙali sai ya musanta kisan. Babbar kotun Kano ba ta ce ai duniya ta riga ta gani ba. Ta zauna wata da watanni, ta saurari shaidu, ta duba abubuwan da aka gabatar, ta ba shi dama ya kare kansa, sa'an nan a ranar 28 ga Yuli 2022 ta yanke masa hukuncin kisa. Ko a laifin da ya girgiza zukata haka, sai da aka haɗa baki da alama aka auna.

Nasiha

Ya kai wanda ka gani da idonka, kada ka ɓoye shaida, domin aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta jingina zunubin ɓoye ta ga zuciya. Amma ka faɗi iyakar abin da ka gani. Idan baya ka hango, ka ce baya na hango. Faɗin "ban tabbata ba" ba ya rage maka daraja a wurin Allah, rantsuwa a kan zato kuwa tana iya halaka ka.

Ya kai wanda wani hoto ko murya ta faɗo hannunka a kan laifi, kada ka goge, kada ka datse, kada ka yaɗa. Ka kai wa hukuma yadda yake. Yaɗa shi yana ɓata shaidu, yana faɗakar da mai laifi ya gudu, yana kuma zubar da mutuncin wanda wataƙila bai ji ba bai gani ba. Ka tuna yadda Allah Ya zargi waɗanda suka riƙa karɓar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha daga baki zuwa baki suna ɗaukarsa abu mai sauƙi. Wanda ya danna ya tura, ya shiga cikin masu ɗaukar magana. Kuma kada neman hujja ya kai ka ga leƙen asirin mutane da naɗar maganar maƙwabci ko ta iyali a ɓoye domin ka tozarta su, an hana mu bin diddigin juna a cikin Suratul Hujurat.

Ya ku samari, idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwa, ko aka turo hoto aka ce wannan mai kai wa 'yan bindiga labari ne, ku riƙe hannuwanku. Ku miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Taron jama'a ba ya tazkiyya, ba ya i'izari, kuma ran da aka fitar ba ya komowa idan gaskiya ta bayyana da safe.

Ya ku alƙalai da jandarmomi da duk mai hannu a bincike, Allah Ya taimake ku a kan nauyin da kuka ɗauka. Kada kwarjinin na'ura ya hana ku tambaya, kada kuma hawayen mai ƙara ya hana ku duba riga. Mai ƙarar da ya san ya shirya hujjar ƙarya kuwa, ya tuna da hadisin Ummu Salama, inda Manzon Allah ya bayyana cewa shi mutum ne, yana hukunci da abin da ya ji, wanda kuma ya yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda iya magana, to yankin wuta ya yanka masa.

Akwai ranar da za a rufe bakuna, hannuwa da ƙafafu su yi magana, ƙasa ta ba da labarin abin da aka aikata a bayanta. Wannan shaida ba a datse ta, ba a kuma saye ta.

Ya Allah, Ka nuna mana gaskiya Ka ba mu ikon binta. Ka tsare harsunanmu da yatsunmu daga cutar bayinKa. Ka kuɓutar da duk wanda ke tsare bisa zalunci, Ka tona asirin azzalumai, Ka ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci. Ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ka komo mana da 'yan'uwanmu da ke ci-rani lafiya, Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka sa muna cikin waɗanda ake 'yantawa daga wuta a wannan wata. Gobe in Allah Ya kai mu za mu ci gaba daga shigar Annabi Yusuf kurkuku. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.